Akwatin ƙwallayen haɗa sinadarai da na siya wa 'yan lesin ɗina a Agege

Masu ta tambayata ko akwatin nan na ƙwallayen roba da ake haɗa siffar sinadarai dasu ya cancanci kuɗinsa, amsata itace eh ya cancanta, amma kar ka kuskura ka siyi ƙaramin in dai kasan zaka shiga ɓangaren sukari da mai da furotin, don wallahi a tsakiyar aiki zai ƙare maka. Ni malamin lesin ne anan Agege, ina ɗaukar yaranmu 'yan SS2 da SS3 kemistiri da bayoloji bayan la'asar, yawancinsu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, wasu iyayensu na harkar goro wasu suna abatuwar Oko-Oba wasu kuma kayan gwari a Mile 12, kuma duk wanda ya taɓa shirya yaro zuwa WAEC ko JAMB yasan inda ake faɗuwa, da an iso oganik, wato ɓangaren sinadaran kabon, shikenan sai kaga ido ya raina fata, yaro ya haddace CH4 da C2H6 kamar karatun allo amma ka tambayeshi ya abin yake a tsaye bai sani ba.

Ta intanet nayi odarsa, ɗan saƙo ya kawo min har bakin layi. Ƙirar Chana ne, akwatin roba mai ɗakuna ɗakuna a ciki, kuɗinsa kusan abinda yaro ɗaya ke biyana na wata. A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙi wai guda ɗari biyu da wani abu ne a ciki, to anan ne farkon abinda nake so mai siya ya lura dashi, wannan lissafin harda sandunan da ake haɗawa dasu aka ƙirga, kuma sune mafi yawa. Ainihin ƙwallayen da na samu a nawa, kowace tana matsayin atam ɗaya, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari, baƙaƙe na kabon 14 ne, farare na haidirojin 30, jajaye na oksijin 8, shuɗaye na naitirojin 4, sai 'yan tsirarun kore da rawaya na kulorin da salfa wanda da wuya ma mu taɓa su. Launukan dai daidai suke da yadda aka saba a ko'ina, tun 1865 wani Bajamushe Hofmann ya nuna irin waɗannan ƙwallaye a Landan da baƙi a matsayin kabon, fari haidirojin, ja oksijin, shuɗi naitirojin, har yau kuma a haka aka tafi, don haka yaron da ya saba dasu anan in ya shiga jami'a bazai rikice ba.

Abinda yasa nace ya cancanta yana jikin baƙar ƙwallon nan ne. Huda huɗu gareta, kuma ba hudar banza aka yi ba, an yi su ne a kusurwar da kabon yake riƙe abokansa da gaske, digiri 109.5 tsakanin kowane hannu da ɗan uwansa. A allo idan na zana mitan, wato CH4, dole na zanashi a shimfiɗe, C a tsakiya H sama da ƙasa da dama da hagu, kuma haka yake a littafi, to yaro sai ya ɗauka abin a kwance yake. Da da ƙullin fulawa da tsinken sakace muke gwadawa, matsalar itace fulawa bata hana ka soka tsinke duk inda kaga dama, yara sai su sake yin shi a shimfiɗen nan dai. Wannan ƙwallon kuwa bata yarda, kana soka sanduna huɗu zakaga abin ya tashi ya tsaya da ƙafa uku ɗaya na kallon sama, ko ta ina ka juyashi haka zai tsaya. Wani saurayi ɗan ƙasar Holan, van 't Hoff, shine ya fito da wannan bayanin a 1874 yana ɗan shekara 22, shi da wani Bafaranshe Le Bel kowa da nasa aikin a shekarar, kuma shi van 't Hoff ɗin shi ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901. Ina faɗawa yarana wannan ne don su san abinda ke hannunsu sai da manyan malamai suka yi gardama akai kafin a yarda.

Daga nan sai sarƙa. Kabon na kama kabon ɗan uwansa, wannan ya kama wancan, ya yi reshe, ya yi zobe, shi yasa sinadaransa suka kai miliyoyi kuma jikin duk wani mai rai akan su aka ginashi. Na basu kabon 4 da haidirojin 10 nace kowa ya haɗa min ba tare da ya bar huda ko ɗaya a buɗe ba. Wasu suka jera su huɗu a layi, layin ma a karkace yake fita sama ƙasa sama, ba miƙaƙƙe irin na littafi ba, sai wata yarinya ta saka ɗaya a tsakiya ukun suka kewayeshi, ta ɗago tana cewa Malam nawa ya fita daban ko na ɓata ne. Nace baki ɓata ba, naki da nasu duk C4H10 ne, biyuten ɗin da ke cikin tukunyar gas ɗin girkin gidanku, wannan shine aisoma da nake ta faɗa, kaya iri ɗaya gini daban. Tun ranar ban sake maimaita ma'anar aisoma ba a ajin nan.

Inda ya fi burgeni shine wajen gulukos, sukarin nan da jiki ke samun ƙarfi dashi. C6H12O6, ƙwallo 24 kenan, akwatin ya ɗauka ba matsala. Zoben nasa kabon biyar ne da oksijin ɗaya, kabon na shida yana maƙale a waje, kuma idan ka gama haɗawa zakaga zoben baya kwanciya a tebur, gefe ɗaya ya ɗaga ɗayan ya sauka. To akan kabon na farko akwai OH guda ɗaya, wato oksijin riƙe da haidirojin, da zai iya kallon ƙasa ko ya kalli sama, idan ya kalli ƙasa alfa kenan idan sama bita, kuma da yatsa biyu zaka cire ka mayar. Ɗan wannan juyin shine bambancin sitacin da ke cikin garin rogo da shinkafa da doya, da kuma selulos da ke cikin ciyawa da kara da auduga, duka biyun gulukos ne aka jera dubbai, sitaci da alfa selulos da bita. Yawun bakinmu da hanjinmu suna da wani sinadarin narkar da abinci, amiles, mai yanka ɗaurin alfa, amma bamu da abin yanka na bita, shi yasa mutum zai ci eba ya samu ƙarfi amma ciyawa bata masa komai. Wani yaro da babansa ke harkar shanu a abatuwa ya tsareni yace to Malam saniya fa, ai ciyawa take ci tayi ƙiba. Tambaya ce mai kyau sosai, nace masa ita ma saniyar ba da kanta take narkarwa ba, ƙananan halittu ne cike da tumbinta suke yanka mata selulos ɗin, kai da kake ganin ana wanke tumbi kullum ka fi kowa sanin girmansa, to gidansu kenan. Yaron nan da can baya buɗe baki a aji.

To anan kuma akwatin ya fara nuna gazawarsa. Abinda ya kamata ya biyo baya shine na haɗa gulukos biyu a gabansu, na cire OH daga wannan na cire H daga wancan, su ga ruwa H2O ya fita da idonsu sauran ya manne ya zama maltos, C12H22O11, don wannan fitar ruwan ita ce hanyar da masu rai ke bi su gina sitaci da furotin da mai gaba ɗaya, kuma tana fitowa a jarabawa sosai. Gulukos biyu na buƙatar oksijin 12, ni kuma 8 gareni. Sai da na ɗauko koren kulorin da rawayan salfa ina cewa ku ɗauka wannan ma ja ne, koren ma huda ɗaya gareshi baya shiga ko'ina, ƙarshe dai rabin zobe na biyu muka yi. Sukarin shayi ma, sukuros, oksijin 11 yake so, shima baya haɗuwa. Gaskiya wannan ya ɓata min rai, don a tallan sun rubuta ya dace da masu karatun sinadaran jikin mai rai, kuma duk wanda ya san fannin yasan oksijin 8 ba inda zasu kai ka.

Haka ma wajen mai. Naso na nuna musu dalilin da yasa manja ke yin kauri ya kwanta a gindin galan in gari yayi sanyi, man shanu ma ya daskare, amma man gyaɗa yana nan ruwa abinsa. Manja kusan kashi 44 cikin ɗari na asid ɗin mansa falmitik ne, C16H32O2, sarƙar kabon 16 babu inda kabon biyu suka riƙe juna da sanda biyu, wato ɗauri biyu, duk sun ƙoshi da haidirojin, don haka sarƙoƙin suna jeruwa su matsu da juna, shi kaɗansa sai zafi ya kai wajen digiri 63 yake narkewa. Man gyaɗa kuwa oleyik ya fi yawa a cikinsa, C18H34O2, yana da ɗauri biyu tsakanin kabon na 9 da na 10, kuma a daidai wurin sarƙar take lanƙwashewa, lanƙwasar ce ke hana su matsuwa sai man ya zauna ruwa. Kabon 16 da 18 ake magana, ni 14 ne dani, haidirojin ma bai kai ba. Abinda nayi shine na gajarta, nayi sarƙa biyu mai kabon shida shida, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya na saka mata ɗauri biyu a tsakiya da dogayen sandunan nan masu lanƙwasuwa. Ko a haka abin ya fito, yara suka kama sarƙar suna murɗawa, duk inda ɗauri ɗaya yake yana juyawa, amma wurin ɗauri biyun ya ƙi motsi sam, lanƙwasar na nan daram. Na yaba da waɗannan sandunan, suna da kyau, basu karye ba duk murɗar da suka sha.

Darasin da bazan manta ba shine na sikila, kuma shi akwatin ya ɗauka cif. Amino asid 20 ne ake gina furotin dasu, kusan duk gininsu ɗaya, kabon a tsakiya, hannu ɗaya NH2, ɗaya COOH, ɗaya H, na huɗun ne kawai ke canzawa. Muka haɗa gulutamik asid, C5H9NO4, muka haɗa balin, C5H11NO2, muka ajiye su gefe da gefe. Jelar gulutamik da jajayen ƙwallaye biyu a ƙarshenta, tana son ruwa, jelar balin kuwa baƙi da fari ne zalla, bata shiri da ruwa. Sai nace musu himogulobin da ke ɗaukar oksijin a jininku yana da sarƙar bita mai amino asid 146, a gurbi na 6 gulutamik ya kamata ya zauna, mai sikila balin ne ya zauna masa a wurin, shikenan bambancin, guda ɗaya cikin 146, idan oksijin yayi ƙasa sai waɗannan jelolin su riƙa manne wa juna suyi dogayen zaruruwa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwon ƙashin nan da kuke gani ya taso. Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, Vernon Ingram kuma a 1956 ya gano inda canjin yake. Ajin yayi tsit, don babu wanda bai san mai ciwon ba, a gidansu ko a maƙota, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar yara masu sikila. Wata ɗaliba ta ɗauki balin ɗin tana jujjuyawa tace Malam yanzu ɗan wannan abin ne yake kwantar da ƙanina asibiti. Daga nan hira ta koma kan gwajin jinotayif kafin aure, AS da AS, kuma na barsu suka yi ta tambaya har aka kira magariba, ban ga asarar lokacin ba ko kaɗan.

Wani abin da takarda bata iya nunawa shine na dama da hagu. Laktik asid, wanda ke sa nono yayi tsami, C3H6O3, kabon ɗinsa na tsakiya yana riƙe da abu huɗu daban daban, H da OH da CH3 da COOH. Idan ka haɗa guda biyu ka musanya hannu biyu a ɗayan, zasu zama kamar takalmin dama da na hagu, komai iri ɗaya amma duk juyin da zakayi ɗaya bazai hau kan ɗaya ba. Yaran sun ƙi yarda da farko, kowa na cewa a bashi shi zai daidaita su, aka yi ta zagayawa dashi hannu hannu har suka haƙura. Furotin ɗin jikinmu da ɓangare ɗaya kawai ake gina shi, wanda ake kira L, kuma dalilin kenan da masu haɗa magani suke kula da wane ɓangare suka saka.

Mun haɗa yuriya ma don abu ne mai sauƙi, CO(NH2)2, ƙwallo takwas kacal. Ita ce wani Bajamushe Wöhler ya haɗa a ɗakin gwaji a 1828 daga gishirin da ba daga jikin mai rai ya fito ba, lokacin ana ganin irin waɗannan sinadarai sai mai rai ne ke iya yinsu, kuma tambayar na yawan zuwa a farkon oganik. Hanta ce ke yinta a jikinmu ƙoda ta fitar da ita a fitsari, ita ɗin ce dai takin zamanin da iyayensu ke aikawa da kuɗinsa gida duk damina, wanda yanzu ake yi anan Ibeju-Lekki a kamfanin takin Dangote da aka buɗe a 2022, daga iskar gas, wato mitan ɗin nan da muka fara dashi. 'Ya'yan masu goro kuma suka dage sai an haɗa musu kafeyin, C8H10N4O2, abinda ke hana bacci a goro, zobe biyu manne da juna mai shida da mai biyar, ya cinye naitirojin huɗun nan tas, ya dai haɗu amma da ƙyar, zoben mai biyar sai da muka danna.

Akwai abubuwan da ya kamata malami ya gyara da bakinsa don akwatin zai iya koya wa yaro ba daidai ba. Benzin, C6H6, zobe ne mai kabon shida, dole ka haɗashi da ɗauri biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, yadda wani Bajamushe Kekulé ya zana a 1865, alhali a gaskiya ɗauri shidan duk tsawonsu ɗaya ne. Sannan sandunan suna sa yaro ya ɗauka akwai fili mai yawa tsakanin atam da atam, bayan kuwa a cuɗe suke. Babu kuma wani abin nuna ɗan raunanan ɗaurin haidirojin wanda ke riƙe igiyoyi biyun DNA da naɗin furotin, don haka DNA kam ka manta da ita, ko fosfaros babu a nawa. Wannan ba laifin wannan kamfanin bane kaɗai, yawancin masu arha haka suke, amma gara ka sani.

Ingancin roba ba laifi. Ƙwallayen basu fashe ba duk da faɗuwar da suke yi a siminti, launi bai koɗe ba. Gajerun sandunan ne matsala, idan suka shige huda sai kayi da gaske, akwai ɗan ƙarfen cirewa guda ɗaya a ciki kuma da aji mai yara da yawa kullum layinsa ake yi, na kama wasu suna cirewa da haƙori na hana. Bayan an ɗan jima ana amfani hudar wasu baƙaƙen ta saki, doguwar sarƙa in ka ɗagata sai ta ɓalle. Murfin akwatin kuwa sakatarsa ta karye da wuri, a cikin motar haya ta danfo ma abin ya faru, Allah ya taimaka yana cikin jaka, yanzu a robar ayis kirim mai murfin murɗawa nake zuba su. Takardar bayanin da ke ciki shafi ɗaya ce da Turancin da ba'a gane kansa, yaron da zai yi karatu shi kaɗai a gida bazata taimakeshi ba sai ya haɗa da littafinsa.

Wani mahaifi ya sameni a masallaci yace Malam ba akwai irinsa a waya kyauta ba, me yasa za'a kashe kuɗi. Nace Alhaji akwai, kuma yana da kyau, yana ma nuna manyan furotin da akwati bazai taɓa iyawa ba, amma a waya an riga an haɗa maka ne kana kallo, anan kuwa yaro ne ke ƙirga huda da kansa, in ya bar ɗaya a buɗe yana gani, in ya ba kabon hannu biyar babu inda zai soka na biyar ɗin, kuma ba caji ba data. Yace to na faɗa masa wanne zai siya wa 'yarsa mai son karatun likita.

Abinda na faɗa masa shi zan faɗa muku. Kar ku kalli jimillar da aka rubuta a kwali, ku sa mai siyarwa ya ƙirgo muku baƙi nawa ja nawa fari nawa kafin ku tura kuɗi, in ya ƙi ku nemi wani. Don sukari da mai da furotin ku nemi kabon aƙalla 20, oksijin 12 zuwa sama, haidirojin 40, kuma a tabbatar akwai dogayen sandunan ɗauri biyu da ƙarfen cirewa. In babban yayi tsada gida biyu ko uku su haɗa su siyi ƙanana biyu iri ɗaya a zuba wuri guda, amma lallai na kamfani ɗaya, don girman huda yana bambanta. Masu ƙananan yara a gida kuma don Allah ku ɗaga shi sama, fararen ƙwallayen nan ƙanana ne sosai, yaro mai rarrafe zai iya haɗiye su.